Kowa Na Sha, Babu Mai Yasa

A unguwar da aka yanke mini cibiya, a ƙasar Makarfi, akwai wata rijiya da babu mai iya faɗin ranar da aka haƙa ta. Kakanninmu tarar da ita suka yi, iyayenmu suka sha, mu ma muka tashi muka iske bakinta duk zanen igiya. Kowace shekara idan bazara ta kankama, ruwa ya ja baya, guga ya fara fitowa da laka, sai mai unguwa ya sa a yi shela bayan sallar isha'i cewa ranar kaza za a yashe rijiya. Ba a aika wa kowa takarda, ba a yi wa kowa alkawarin ko anini. Amma kafin hantsi sai ka tarar samari sun cika wurin da igiyoyi da kwanduna, biyu ko uku sun tuɓe sun shiga ciki, sauran suna ja. Ƙoren fura da tukwanen kunu na fitowa daga gidaje, dattawa na gindin bishiya suna raba goro suna sa albarka. Gidan da bai turo ɗa ba, bai aiko da ko ludayin kunu ba, washegari 'yan matansa da sunkuyar da kai suke zuwa ɗiban ruwa.

Yau rijiyar nan ta zama juji. A gefenta akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda aka kawo mana da kiɗa da jawabai. Ta yi shekara biyu tana ba da ruwa, sannan wani ɗan ƙarfe ya lalace a cikinta. Kuɗin gyaran bai kai abin da unguwar ke ba 'yan garuwa a mako guda ba. An kafa kwamiti, an yi karo-karo sau ɗaya, aka yi gardama a kan wanda zai riƙe kuɗin, aka watse. Sau biyar a rana nake wuce ta a hanyar masallaci, kuma ban taɓa tsayawa na ce a sake zama ba. Saboda haka duk wanda ya ji zafin abin da zan faɗa, ya sani bulalar a bayana ta fara sauka.

Abin da ya fama mini wannan miki shi ne wani ɗan ƙanena da ya gama karatun kwamfuta a Zariya, ya dawo gida yana jiran aiki. Na lura kullum bayan isha'i yana zaure, kwamfuta a cinya, yana ƙarar da cajin da ya biya a shago da datar da ya saya da ɗan abin da ya samu a noman rani. Rannan na ce masa, "Kai ɗana, wannan aikin da ya hana ka barci, nawa ake biyan ka?" Ya ce, "Baffa, ba biya ake yi ba. Wata manhaja ce muke mayarwa Hausa, ina kuma gyara wasu kurakurai a cikinta. Ta kowa ce." Na yi tsaki, na ce marar aikin yi ne ke yi wa Turawa bauta a banza, ya tashi ya nemo abin da zai kawo cefane. Yaron ya rufe kwamfutarsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa." Sai da na kwanta na tuna ni ne yaron da aka ɗaura wa igiya a ƙugu aka zura cikin rijiyar nan, kuma da a ce mahaifina ya tare ni a bakinta ya tambayi nawa aka biya ni, da mutanen unguwa sun ce tsohon ya zautu.

Da gari ya waye na kira shi, na ce ya zauna ya karantar da ni, domin babba ba ya rasa abin koyo a wurin yaro. Ga abin da na fahimta. Manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta da waya iri biyu ne. Akwai wadda kamfani ke haɗawa ya rufe sirrinta, kamar mai magani da ke sayar maka da kwalba amma ba zai faɗa maka saiwar da ya jiƙa ba. Akwai kuma wadda masu ita ke baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya ba wani. Shi ya ce ana kiran ta buɗaɗɗiyar manhaja. Ni da na saurara da kyau sai na ce, ai wannan manhajar gayya ce. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ne ya ɗaga tutar wannan tafiya a 1983, daga baya ya shimfiɗa mata ƙa'ida cewa wanda ya ɗiba ya ƙara wani abu ya raba wa mutane, to ya bar nasa a buɗe kamar yadda ya tarar. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta abin da ya zama Linux, ya gayyaci duk mai hannu ya zo ya sa.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen mutanen nesa ne. Wayar Android da ke aljihun mai sayar da rake da mazarƙwaila a kasuwar Makarfi, da ta dillalin tumatir a Ikara, da ta manomin inabi a ƙasar Kudan, a kan Linux aka ɗora ta. Yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet ita ce ke tuƙa su. Idan mai POS a Tashar Yari ya tura maka kuɗi, ko yaronka ya je shago a Hunkuyi ya cike takardar jarrabawa, saƙon nan ya ratsa ta gonakin gayya da yawa kafin ya isa inda za shi. Ashe dukanmu, daga Paki har Likoro, muna sha daga wata rijiya da ba mu san masu yasar ta ba, ba mu kuma taɓa aika musu ko ludayin kunu ba.

Da na ji haka sai na ɗauka a can inda aka ƙirƙiri abin an san darajar masu shiga rijiya. Ashe ciwon da ke cin unguwarmu ya riga mu zuwa can. A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka a manhajar gayya mai suna OpenSSL, wadda ita ce kwaɗon da ke kulle sirrin mutane tsakanin na'urarsu da shafukan intanet, irin su lambobin sirri da bayanan banki. Aka raɗa wa ɓarakar suna Heartbleed. An ƙiyasta shafuka wajen rabin miliyan ƙofarsu na buɗe, kuma kuskuren ya yi shekara biyu a zaune babu wanda ya lura. Da hankali ya tashi aka je neman masu tsaron kwaɗon, sai aka tarar da 'yan tsirarun mutane. Ɗaya ne kacal a cikinsu ya mai da aikin sana'arsa ta kullum, gudummawar da jama'a ke aiko musu kuwa dala 2,000 ce ko kusa da haka a shekara. Sai a lokacin kamfanonin da ke juya biliyoyi a bayan wannan kwaɗo suka ji kunya. Google da Microsoft da Facebook da Amazon da wasunsu suka haɗa asusu a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, kowanne ya yi alkawarin dala 100,000 a shekara har shekara uku. An dai yi ihu, amma bayan hari.

A Disambar 2021 aka sake kwatawa da wata mai suna Log4j, wadda ke lulluɓe a cikin dubban manhajojin kamfanoni da na gwamnatoci. 'Yan sa-kan da ke kula da ita suka kwana suna ɗinki, duniya na tsaye a kansu tana faɗa. A wannan tsakanin ne Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin mai kula da wata manhajar gayya da ake kira curl, ya sami wasiƙa daga wani babban kamfani, ana umartar sa ya amsa jerin tambayoyi cikin awa 24. Manhajarsa ba ta ma haɗa hanya da Log4j ba, kuma babu wata yarjejeniya tsakaninsa da kamfanin. Ya mayar musu da amsa cikin ladabi cewa su fara ƙulla yarjejeniyar biya da shi, sannan ya amsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardin har da tsawa.

Labarin da ya fi sa jikina sanyi shi ne na wata 'yar manhajar matse bayanai mai suna xz, wadda ake samu a kusan kowace kwamfuta mai Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana ɗauke da ita shi kaɗai, babu albashi. A 2022 ya faɗa da bakinsa cewa ƙarfinsa ya ragu, ga rashin lafiya, kuma a tuna aikin nan na sha'awa ne da ba a biyan sa. Maimakon a kawo masa ɗauki, sai wasu baƙin sunaye suka yi ta caccakar sa cewa yana jan ƙafa, ya miƙa ragama ga mai ƙarfi. A gefe kuma ga wani da ke kiran kansa Jia Tan, mai ladabi, mai ƙwazo, ya fi shekara biyu yana taimako ba ya gajiya. Da ya sami amana, maɓalli ya shiga hannunsa, sai ya dasa ɓarauniyar hanya a cikin manhajar, wadda da ta bazu da an iya kutsawa cikin kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya. Wani injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, shi ya lura kwamfutarsa na jinkirin rabin daƙiƙa a inda bai kamata ba, ya bi sawu, ya tona asirin ranar 29 ga Maris, 2024. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ya tsaga wannan bango gajiyar mutum ɗaya ce da aka bari a ƙasan rijiya, kowa ya saki igiya ya tafi.

Mai gaggawa zai ce maganin abin kuɗi ne, a zuba kawai. Da haka ne da kwamitin rijiyarmu bai watse ba, domin ranar da kuɗi suka taru ranar muka rabu. Inda babu kuɗi gayya na mutuwa da yunwa, inda suka shigo babu tsari tana mutuwa da husuma. A 2010 kamfanin Oracle ya saye kamfanin Sun, wanda ke riƙe da ragamar OpenOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta. 'Yan sa-kai suka ga gonar da suka yi shekara goma suna nomawa ta koma hannun da ba su amince da shi ba. A watan Satumba na shekarar suka kwashi irinsu suka share sabon fili, suka kira shi LibreOffice, suka kafa masa gidauniya mai dokoki a rubuce da shugabannin da ake zaɓa. A Satumbar 2024 kuma rigima ta ɓarke a gidan WordPress, manhajar da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet ke tsaye a kanta. Matt Mullenweg, ɗaya daga waɗanda suka kafa ta, ya zargi kamfanin WP Engine da cin riba mai yawa da mayar da kaɗan, ya toshe masa hanyar rumbun da kowa ke ɗibar gyare-gyare. Kamfanin ya kai ƙara kotu. A cikin wannan ƙura ne mutane da yawa suka fara sanin cewa rumbun da suka ɗauka na jama'a ne, mallakar mutum ɗaya ne. Ba ni da hurumin raba musu gardama. Amma tambayoyi biyun da suka taso, duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko na makaranta ya san su: me ya sa mai ci da yawa ba ya noma, kuma wa ya damƙa wa mai riƙe da maɓalli maɓallin?

A nan ne na ga iyayenmu, da ba su taɓa ganin kwamfuta ba, sun riga masu digiri amsa. Mu ne muka ɗauka aikin gayya aikin banza ne. Su sun san babu aikin da ba wanda ya biya. Mai gonar da ya kira gayya shi ke da tuwo da fura da goro, shi zai sallami makaɗa, kuma ya san bashi ya ci, ranar da maƙwabci ya kira tasa da fartanyarsa zai je. Malamin allo bai da albashi, amma yana da kuɗin Laraba, kuma da kaka ta yi dami na shiga gidansa daga gonakin iyayen yara. Wanzami da ungozoma da ladan, kowa akwai hanyar da unguwa ke bi ta rufa masa asiri ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba. Ba su mai da mai hidima ɗan ƙwadago ba, ba su kuma bar shi ya kwana da yunwa ba. A gidan gandu ma an raba kwanakin gandu da na gayauna, don wanda ya yi wa gida aiki ya sami lokacin yi wa kansa, maigida kuma shi ke da haraji da auren samari. Haƙƙi da nauyi a igiya ɗaya aka ɗaure su.

Haka nan shugabanci. Wanda ke jan gayya, sarkin noma ne ko sarkin samari, an san fuskarsa, an san gidan ubansa, an san a gaban wa aka naɗa shi, kuma akwai mai unguwa da dagaci da za a kai ƙararsa. Baƙo ana karɓar sa hannu bibbiyu, a ba shi masauki da gona, amma ba a damƙa masa maɓallin rumbu don kawai ya iya gaisuwa. Idan an tara kuɗin rufin masallaci, bayan sallah ake tashi a faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, a gaban yaro da babba. Ma'aji a da yakan ji nauyi idan ba a tambaye shi lissafi ba. Ma'ajin yau gaba yake ƙullawa da wanda ya tambaya. A da sai an bi mutum har gida ana roƙo kafin ya karɓi shugabanci, yana cewa a nemi wanda ya fi shi. Yau kafin a gama raɗa wa ƙungiya suna an sami 'yan takara uku.

Sama da waɗannan duka akwai kunya, ita ce dogarin da ba a biya. Kunyar a ce ka ci ba ka noma ba, kunyar a ga kwanonka a wurin rabo ba a ga fartanyarka a wurin aiki ba. Ita ce ta riƙe rijiyarmu shekara da shekaru, babu kundin doka babu akanta. Da ta tafi sai muka shiga neman wanda za mu jingina wa kayanmu, muka ce gwamnati, muka ce ɗan majalisa, muka ce ƙungiyar ƙasashen waje. Mutanen Ikara sun san kamfanin tumatirin da aka kafa musu a 1981, sun kuma san shekarun da ya yi a rufe alhali tumatir na ruɓewa a kwanduna a bakin hanya. Abin da aka ce na gwamnati ne muna kallo ya kwanta, abin da aka ce na kowa ne muna kallo ya mutu, gayaunarmu kaɗai muke yi wa shinge. Je ka maƙabartar garinku ka dubi masu haƙar kabari. Yawancinsu tsofaffi ne, da tsohuwar diga da shebur mai karyayyiyar ƙota, babu albashi, babu magaji. Babu gidan da ba zai buƙace su ba, kuma gida nawa ne ya taɓa aika musu da kwanon abinci ba ranar rasuwa ba? Su ne Lasse Collin ɗin unguwarmu, kuma mun fi waɗancan kamfanoni laifi, domin mu mun san sunayensu.

Duk da haka iri bai ƙare ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami maimakon in yi shiru. Akwai 'ya'yanmu da ke rubuta Wikipedia ta Hausa, har maƙalolinta sun kai dubun dubata. Akwai masu ba da muryarsu kyauta a shirin Common Voice na Mozilla, don na'ura ta koyi jin Hausa. Akwai masana irin na HausaNLP da Masakhane da ke tattara harsunanmu don kada zamanin kwamfuta ya wuce ya bar su a tasha. Ƙasar Zazzau ba baƙuwar irin wannan hidima ba ce. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma dattawanmu na tuna azuzuwan Yaƙi da Jahilci, inda wanda ya iya karatu ke zama da fitila ya koya wa sa'an ubansa. Waɗannan yara jikokin wancan aiki ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Amma ku ma, 'ya'yana, ku ba ni aron kunnuwanku. Na ga wata ƙungiyar matasa a yankin nan, ba zan kama suna ba. Sun fara su kamar goma a wani ajin makaranta, kowa da wayarsa, suna karo-karon fetur na janareto, suna fassara suna gyara wa juna, suna dariya. Shekara guda ba a ji kansu ba. Sai tallafi ya zo daga waje, na taro da data da kuɗin mota. Nan da nan ajin ya cika da fuskokin da ba a taɓa gani ba, masu zuwa a sa hannu a karɓi alawus. Aka sa gasa, aka ce wanda ya fi yawan rubutu shi ke da kyauta, sai wasu suka koma zuba Turanci a injin fassara suna kwasowa suna jibgewa ba tare da sun karanta ba, Hausar da ko mai ita ba ya gane ta. Wanda ya rubuta takardar neman tallafin ya ce shi ne shugaba tunda da sunansa kuɗin suka zo, wanda ya fara tara mutane ya ce shi ne uban tafiya. Aka tambayi lissafi, aka ce raini ne. Yau ƙungiya biyu ce masu suna kusan iri ɗaya, ba sa ga maciji, su kuwa 'yan asalin da suka fi kowa aiki sun koma gida shiru. Ban ga laifin wanda ya ba da tallafi ba, rijiya ta bayar, guga ne ya hana. Ban kuma ɗora wa yaran laifin duka ba, domin abin da suka ga mun yi da kuɗin rijiyar burtsatse shi suka maimaita. Abin da babba ya yi a tsakar gida shi yaro ke yi a dandali.

Ga kaɗan daga abin da furfura ta koya mini. Ku rubuta dokarku tun tukunya ba ta hau wuta ba, domin yarjejeniyar da aka yi da yunwa ta fi wadda aka yi a gaban akushi. Wanda ke shugabanci kada ya riƙe kuɗi, wanda ke riƙe kuɗi kada ya riƙe su shi kaɗai, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a tun kafin wani ya tambaya. Ku sa wa kujera wa'adi. Kada maɓallin komai, na asusu ne ko na shafi, ya zauna a aljihun mutum ɗaya, ko da waliyyi ne, domin waliyyi ma yana ciwo yana mutuwa. Wanda ya fi kowa ɗaukar nauyi a cikinku ku ware masa wani abu a fili, da sunan haƙƙi, kada ku bari sai ya gaji ya ɗauka a ɓoye ko ya yar da kayan ya tafi. Neman a biya ka wahalarka ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne karɓar ladan aikin da ba ka yi ba. Kuma maƙala ɗaya da ka rubuta da Hausar da kakarka za ta gane ta fi ɗari da inji ya amayar. Idan har zama ya gagara, ku rabu kamar yadda 'yan'uwa ke raba gandu, kowa ya ja nasa a ci gaba da gaisawa, kada a cinna wa rumbu wuta don a huce haushi.

Mu kuwa iyaye, namu ya fi nauyi. Gwamnatin Jamus ta kafa asusu a 2022 don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji, kamar yadda ake ware kuɗin gyaran gada, kuma abin koyi ne ga masu mulkinmu. Amma babu asusun da zai sayo kunya a kasuwa. A gida ake shuka ta, a bakin murhu da kan tabarmar cin tuwo. Yaron da tun yana ƙarami ake tambayar sa "me ka samo?" kuma ba a taɓa tambayar sa "wa ka taimaka?" ba, idan ya girma ya riƙe asusun jama'a kada a yi mamakin abin da zai yi. Uwar da ke hana ɗanta fita sharar maƙabarta don kada kayansa su yi datti, da uban da ke yi wa mai aikin sa-kai kallon wawa, su ne suka kashe gayya tun kafin ta fita ƙofar gida. Attajiranmu na rake da tumatir da hatsi, waɗanda cinikinsu ya koma cikin waya, me zai rage musu idan suka ɗauki nauyin data da cajin yara biyar masu yi wa harshensu hidima? Muna neman sadaka mai gudana a ginin da za a manna wa allo da sunanmu, alhali ilmin da aka bari a buɗe kowa ya ɗiba yana cikin abin da malamai suka ce ladansa ba ya yankewa.

Na koma wurin ɗan ƙanena na ba shi haƙuri, abin da bai saba ji daga bakina ba, har ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce daga yau datarsa ta wata-wata tana wuyana, kuɗin Larabarsa ke nan. Ya yi murmushi ya ce, "Baffa, da za ka riƙa duba mana Hausar ma, da ya fi kuɗin." Yanzu bayan isha'i mu biyu ne a zaure, shi da kwamfuta, ni da tabarau, muna gardama a kan kalma ɗaya har dare ya raba. Ranar Juma'ar da ta wuce kuma na tsaya a ƙofar masallaci na roƙi mai unguwa ya sake kiran zaman rijiyar burtsatse, na ce a fara rubuta sunana, a kuma nemo littafin da za a riƙa karantawa a gaban kowa. Mutum bakwai suka tsaya, sauran suka sa takalma suka wuce. Ban yi fushi da su ba, domin shekara nawa na yi ina cikin masu wucewa. Allah ya ba mu kunyar da iyayenmu suka tafi da ita, ya sa 'ya'yanmu su tarar da ruwa a inda muka sha.